Ba Ƙumbar Yatsa Ba Ce, Baffa

Zuwa ga Baffana, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina shekara shida.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa cikin ladabi, a durƙushe, irin yadda ka koya mini gaishe da manya. Ina fatan an yalwata maka makwanci. Matarka Goggo tana nan da sauƙi, sai ciwon gwiwar nan nata da ka sani. Shanu suna hannun ɗan ƙanwarka, jar saniyar ta haihu, mace.

Na san ba a kai takarda inda kake. Na rubuta wannan ne a fili, inda kowa zai karanta, domin a fili aka ɓata maka suna. Bidiyonka ya shiga wayoyin da ban san iyakarsu ba, an rubuta a ƙasansa wai an kama matsafi mai tara ƙumbar mutane. Waɗanda suka tura shi gaba suna nan, na san suna karantawa. To su gyara zama, yau sai sun ji wanda aka kashe.

Kai ka fara nuna mini ita. Mun kai shanu ruwa wani rani, ka shiga har gwiwa kana laluben laka da yatsun ƙafa, sai ka sunkuya ka ɗago wani baƙin abu mai ɓawo biyu a rufe gam, tsawon tafin hannuna. Ka ce, "Innata, wannan ita ce ƙumba. Duk ruwan da kika same ta a ciki, ki shayar da dabba hankali kwance." Innata kake ce mini saboda sunan mahaifiyarka aka sa mini, bakinka bai taɓa kama sunan ba.

Sai da na shiga jami'a na gane dalilin maganarka. Ƙumba tana zaune a laka tana zuƙar ruwa tana tace shi, wuni da kwana, ba ta gajiya. In ruwa ya lalace ita ke fara mutuwa. Na dawo hutu ina ta zuba maka wannan bayani da Turanci a ciki, kana kallona kana murmushi, ka bar ni na gama burgata.

Da na zo yin babban digiri, ita na zaɓa. Malamina ya ce tana ƙarewa. Masu tifa sun kwashe yashin rafuka, maganin feshi yana gangarowa daga gonaki, ruwan da da yake kai wa damina yanzu kafin tsakiyar rani ya ƙafe. Rani biyu ina yawo da taswira daga wannan rafi zuwa wancan, ko ɓawo ban tsinta ba. Na zo maka ina huci. Ka yi dariya har rawaninka ya karkace, ka ce na yi ta tambayar takarda, ga wanda ya shekara hamsin yana bin saniya zuwa ruwa a zaune ban tambaye shi ba.

Ka tambaye ni me zan yi da ita in na samu. Na ce kowace halitta tana da rubutu a cikin namanta, dogon rubutu mai haruffa huɗu kacal, kuma akwai na'urar da ke karanta shi daga farko har ƙarshe. In aka karanta, za a san ko ƙumbarmu ɗaya ce da ta manyan koguna ko dabam take, a san ko saura da yawa ko ta kusa ƙarewa, a san wadda za a haɗa ta da ita ta hayayyafa. Sai ka ce, "Ashe ita ma tana da asali kamar saniya. Za a san uwarta da kakarta ke nan." Wallahi duk malaman da suka koyar da ni babu wanda ya faɗe shi daidai kamar haka.

Ranar kasuwar garin nan muka je. Ba zan kama sunan garin ba, akwai mutanen kirki a cikinsa, ɗaya daga cikinsu ita ta sa nake numfashi yau. Na taso daga Limawa da sassafe, na same ka a bakin titi, muka hau mashin muka bi ta cikin gonaki zuwa wani gurbi a ƙarƙashin itatuwan giginya, wanda ka ce ko a shekarar fari bai ƙafe ba.

Suna nan. Ka riƙa ɗago su ɗaya bayan ɗaya, kowacce da bisimilla. Ni kuma in ɗan buɗa bakinta a hankali, in yanki nama daga gefe, bai kai ƙwayar shinkafa ba, in jefa a 'yar kwalba mai sifirit, in miƙa maka. Kai kuma ka mayar da ita daidai inda ka ɗauko ta, baki sama. Ba mu kashe ko ɗaya ba. Ban taɓa ganinka cikin farin ciki irin na safiyar nan ba, har waƙar kiwo kake yi ƙasa-ƙasa da Fulatanci.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Goggo. Da za mu tafi ka tsinci ɓawo ɗaya, wanda mai shi ta daɗe da mutuwa, ka wanke shi ka sa a aljihu. Ka ce za ka kai wa Goggo ta riƙa kankare ƙanzon tukunya, yadda mahaifiyarka take yi. Ni kuma, 'yar boko, sarkin bin doka, na ɗaure fuska na ce ka mayar, ƙa'idar aikin ita ce ba a ɗauke komai daga wurin. Ka dube ni, ka ce, "To, Innata ta hana." Ka jefa shi ruwa.

Ɓawo ɗaya, Baffa. Da yana aljihunka da ka ɗaga shi sama sun gani.

Mun iso tashar kasuwar bayan azahar, muna jiran motar Dutse ta cika. Malamina ya kira. Layin ba shi da kyau, ga hayaniya, ka kuma san muryata ko da rada nake yi ana jin ta a gida na uku. Na ɗaga murya na ce, "Mun samu ƙumba, manya da ƙanana. Na yanki nama daga kowacce, yana cikin kwalabe a kula. Za a aika waje."

Ban ga laifin ko kalma ɗaya a ciki ba. Ni da kai in aka ce ƙumba mun san biyu ce, ta yatsa da ta ruwa. Ban yi tunanin cewa a tashar nan duk wanda bai kai shekara arba'in ba, ɗaya kawai ya sani ba. Abar ta ɓace daga ruwansu tun kafin a haife su, sunanta ya bi ta. A lokacin kuma ana ta raɗe-raɗin masu satar sassan jikin mutane, kowa a tsorace yake.

Wani mai sayar da rake ne a gefena. Ya miƙe da wuƙarsa a hannu, ya nuna ni, ya kwarma ihu wai ga masu yankan ƙumbar mutane. Kafin in juyo wani ya buge wayar daga kunnena, wani ya taka ta da dunduniya. Duk hotunan da na ɗauka da safe suna cikinta.

Aka fizge kular aka juye ta a ƙasa. Ga ƙananan kwalabe da guntayen nama a ciki, ga almakashi, ga reza, ga safar hannu. Ni kaina da na kalle su a warwatse a ƙasa na ga abin da suke gani.

Kana da sandarka a kafaɗa. Na san abin da sandar nan take iyawa a hannunka, na ga ka karya ƙafar karen da ya afka wa maraƙi da bugu ɗaya. Ka sauke ta ka ajiye a ƙasa, ka ture ni baya da ƙarfin da ban san kana da shi ba, ka shiga tsakiyarsu. Ka ce, "Kayan nawa ne. Yarinyar nan ban san ta ba, ɗauko ta na yi ta riƙe mini." Tun da nake ban taɓa jin ƙarya a bakinka ba sai wannan.

Wata mai abinci ta cafke ni ta baya, ta ja ni cikin rumfarta, ta danna ni ƙasa bayan tukwane, ta toshe mini baki da hannu mai warin manja. Na cije ta har jini, ba ta sake ni ba. Ta tsakanin karan zana na ga sauran.

Ka ɗaga hannu biyu kana cewa ƙumbar ruwa ce, ta ruwa ce. Wani ya ce yaushe ruwa ya yi yatsa, aka kwashe da dariya. Dariya, Baffa! Ka ce a kira maka tsoho ɗaya, ko tsohuwa ɗaya, a tambaye su. Tsofaffin suna can ƙarshen kasuwa wajen masu goro da masu igiya, babu wanda ya je. Na ga hannunka ya shiga aljihu ya fito babu komai.

Da sandarka aka fara dukanka. Wani ya ɗauke ta daga ƙasa ya sauke maka a gadon baya, ka durƙusa. Ka miƙe, aka sake. Rawaninka ya warware, wani ya ja shi ya shaƙe ka da shi, ana janka a ƙasa kamar buhu. Sai itace, sai duwatsu, sai guntun bulo daga ginin da ake yi a gefe. Na ji ƙarar ƙashin hannunka da ka tare kai da shi. Har yau in ana fasa itacen girki a maƙwabta sai na tashi na bar wurin.

Ba ka zagi kowa ba, ba ka yi ihu ba. Salati kake yi, har muryar ta koma gurnani. Masu dukan ba su fi goma sha ba, amma masu ɗaga waya suna ɗauka sun fi su yawa, kuma su na fi tsana. Wani magidanci da hularsa tsaf yana matsawa gefe don ya samu fuskarka da kyau. Ba ka dubi rumfar da nake ba ko sau ɗaya, kuma na san da gangan ne.

Sai da aka kira la'asar jami'an tsaro suka iso, taron ya watse kamar ba a yi ba. A bayan motarsu aka sa ka, kanka a cinyata, jini ya jiƙa mini hijabi har ƙasa. Ido ɗaya ne yake buɗuwa. Ka ce, "Innata, sun taɓa ki?" Na ce a'a. Ba mu kai Dutse ba ka cika.

Bidiyon ya riga gawarka isa gida. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana raba faɗan manoma da makiyaya a yankin Buji, wanda ake ba ajiyar shanu ba shaida, sahun jana'izarsa biyu bai cika ba. Muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida kwana uku, kaji ne suka yi ta yawo a kai. Maƙwabta suka riƙa zagayawa ta bayan gida don kada su gaishe mu. Ana cewa ai dama shirun nan nasa ba na banza ba ne. Goggo ta kai nono kasuwa bayan ta fita takaba, ta dawo da shi ya yi tsami, babu wanda ya taɓa ƙwaryarta.

Goggo ba ta zubar da hawaye ba. Ni ina birgima, ita tana zaune kamar an dasa ta. Da na matsa mata sai ta ce, "Ba zan yi kuka ni kaɗai ba, kamar wadda ta rasa ɓarawo. Sai ranar da aka san wanda ya mutu." Shekara guda cur idonta a bushe, tana ramewa ina kallo.

Ba su tsaya a kanka ba. Kwana biyu da rasuwarka wasu suka bi sawun mashin ɗinmu har gurbin, wai can ne matsafarka. Suka juye galan-galan na maganin feshi a ciki don su kashe abin da ka binne. Kifi ya taso fari fat, ciki sama. Kwaɗi, tsuntsayen da suka ci kifin, har awakin wani bawan Allah. Ƙumbobin da muka mayar ɗaya bayan ɗaya da bisimilla suka buɗe baki suka ruɓe a cikin laka. Ruwan da ka ce fari bai taɓa cinye shi ba, mutane suka gama da shi kafin azahar.

A asibiti, da ana cire mini hijabin, aka ji abu yana ƙara a aljihunsa. Kwalabe uku ne. Ina rubuta musu lamba lokacin da wayar ta shigo, ashe na cusa su a aljihu ban sani ba. Na yi wata biyu ba na iya kallonsu. Sau biyu na ɗauko su zan wurga a masai. Abin da ya hana ni shi ne, duk duniya su kaɗai ne shaidarka.

An karanta rubutun, Baffa. An ɗauki watanni, amma an karanta shi tun daga farko har ƙarshe. Abu na farko da ya nuna shi ne wanda ni da kai muka sani, ba naman mutum ba ne. Na kai takardar sakamakon inda ake shari'ar waɗanda aka kama daga baya, na ajiye ta a kan tebur.

Ya kuma nuna abin da ba mu sani ba. Ƙumbarka ba ɗaya take da ta manyan koguna ba, ta daɗe da rabuwa da su, ta saba da ruwan da ke ja baya da rani, tana iya nutsewa cikin laka ta jira damina. Kuma ukun nan duk 'yan uwan juna ne na kusa, kamar gidan da aka daɗe ana auren zumunci, alamar dama saura kaɗan. Ka tambaya ko za a san uwarta da kakarta. An sani, sai dai an sani bayan an kashe gidan gaba ɗaya.

Amma akwai amfani ɗaya da ya rage. Tunda an san rubutunta, yanzu kwalbar ruwa kawai za a ɗiba a gwada, in tana zaune a wurin za a ga alamarta, ba sai an taɓa laka ba. Na bi wuraren da ka taɓa lissafa mini a kan mashin, ina tuno su ɗaya-ɗaya. Shida babu komai. Na bakwai ya nuna tana nan. An fara maganar hana ɗibar yashi da feshi a kewayensa. Inda yake kuwa, masu karanta wannan wasiƙa su yi haƙuri, ko da wuƙa a wuya ba zan faɗa ba.

Takarda ta gamsar da alƙali, ba ta gamsar da kasuwa ba. Don haka watan jiya na koma gurbin da aka kashe. Ruwan ya ja baya, ɓawo ya rufe bakin gaɓa. Na cika buhu guda, wannan karon ban tuna da wata ƙa'ida ba. Na je garin da aka kashe ka na nemi izinin mai gari, ya tara mutane a ƙofar gidansa ranar kasuwa. Mai abincin nan ta zo ta tsaya a gefena, tabon haƙorana yana nan a hannunta.

Na karanta musu takardar, na fassara. Suka yi tsuru-tsuru, wasu na duba waya. Raina ya ɓaci, na kama gindin buhun na zazzage shi a gabansu. Na ce wanda ya san sunan wannan ya faɗa.

Wata tsohuwa ta keto mutane tana dogara sanda. Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki ɗaya, ta goge da bakin zane, ta juya shi a hannu. Ta ce, "Ikon Allah, ƙumba! Ina kika samo ƙumba?" Wani dattijo ya matso, shi ma ya faɗa. 

Tsohuwar ta ɗago ta dube ni, ta dubi buhun, na ga lokacin da ta gane. Ta juya tana neman wani a cikin taron, ta same shi. Mai raken ne. Ba a kama shi ba, tunda shi bai daki kowa ba, ihu kawai ya yi. Ashe ɗanta ne. Ta taka har gabansa ta ɗaga masa ɓawon a fuska, ta ce, "Da irin wannan na riƙa ɗura maka ruwa kana jariri, da nonona ya ƙafe." Ta sauke masa mari, ta ƙara. Ƙato da gemunsa ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe kai. Na zaci zan ji daɗi. Ban ji komai ba sai gajiya.

Limamin garin ya faɗa a kan mumbari ranar Juma'a cewa an zubar da jinin mai gaskiya a kasuwarsu. Maganar ta bi direbobi da masu tallan nono har ta isa gida.

Asabar ɗin da ta wuce ina wurin Goggo, da hantsi, muka ji sallama. Maƙwabcinka ne na gabas, wanda ya shekara yana zagayawa ta bayan gida, da mutum huɗu a bayansa. Suka tsaya a ƙofa sun kasa haɗa ido da kowa. Ya ce sun zo gaisuwa ne, ya haƙuri. Ni na so in tambaye su ina suke shekara guda, bakina har ya buɗe. Goggo ta riƙe mini hannu, ta ce in fito da tabarmi.

Kafin azahar tabarmin gidan sun ƙare, an aro na masallaci. Mota guda ta zo daga garin da aka kashe ka, tsohuwar nan a gaba. Maza a waje suna ta addu'a, mata sun cika tsakar gida. Kowa ya buɗe baki sai ya faɗi wani alherin da ka yi masa, alherin da suka sani sarai tun ranar da aka kawo ka.

Goggo tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana amsawa, haƙuri sai ma'aiki, haƙuri sai ma'aiki. Can sai na ji amsar ta tsaya. Na juya. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna girgiza, sai wani sauti ya fito daga ƙirjinta wanda ban taɓa jin irinsa a bakin mutum ba. Babu wanda ya ce ta yi shiru. Ta yi kukanka har la'asar, mata suna taya ta.

An yi maka zaman makoki, Baffa. Ya makara da shekara guda, amma an yi, kuma da sunanka na gaskiya.

Ni ban kai ga yafewa ba tukuna, ba zan yi maka ƙarya ba. Ban yafe musu ba, ban yafe wa bakina ba. Ina roƙon Allah ya kai ni.

Allah ya jiƙanka, ya karɓi shahadarka, ya sa dukan da ka sha ya zama kankarar zunubi. Allah ya shayar da kai daga ruwan da babu mai iya ɓata shi. Ya ba Goggo lafiya da tsawon kwana, ya saka wa matar da ta rufe mini baki da Aljanna. Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Amin.

Wassalam.

'Yarka,
Inna,
daga Limawa, Dutse.